Zoɓo Ne Ya Kai Ni Meziko, Na Dawo Da Labarin Koriya

Sana'ar gidanmu zoɓo ce. Yayana ne ke saye a kasuwannin Jigawa, Maigatari da kewayenta, a kawo sito a Kano, mata su tsince, a yi feshin ƙwari, a ɗura a buhu, a loda kwantena sai Legas. Ni takardu ne nawa: rasit, lissafi, da wasiƙun da ke tsakaninmu da masu saye. Shekara huɗu muna aika wa wani ɗan kasuwa kaya a birnin Meziko, ba mu san juna ba sai a waya. Da ya matsa mu zo mu ga yadda kayan ke isa hannunsa, mu kuma zauna kan kukan da yake yi da ƙura da tsakuwa a cikin buhu, Yaya ya ce tunda ni ce mai alƙalami, ƙafata ƙafarsa.

Biza a ofishin jakadancinsu na Abuja muka samo, zuwa biyu. Ranar tafiya muka bar Kano bayan sallar asuba, a tsakiyar Janairu, hazo ya rufe gari har fitilar motar da ke gabanmu da ƙyar ake gani. Shingayen jami'an tsaro daga Kwanar Dangora zuwa Zariya, daga Kaduna zuwa Abuja, ban ƙirga su ba. Direba ya sauke gilashi, a gaisa, a wuce. Hajiya ta ƙulla mini kilishi, amma Yaya ya ce a bar shi, ba a shiga ƙasar da nama. Ƙuli-ƙuli da yaji ne kaɗai suka raka ni.

Daga Abuja zuwa Santanbul kamar awa shida da rabi ne. Na biyun ne mai cin rai: sama da awa goma sha huɗu a sama, teku a ƙasa, rana ta ƙi faɗuwa. Wata dattijuwa 'yar Meziko ce a gefena. Tun da aka ɗauke kwanukan abinci ta fito da wayarta ta toshe kunnuwa, kuma duk lokacin da na farka sai na ga fuskokin 'yan Koriya a allonta, ita kuma tana share ido da bakin gyalen wuyanta. Ban kawo komai a raina ba a lokacin.

A wurin duba fasfo aka ware mu gefe tare da wasu 'yan Afirka da 'yan Asiya. Dalilin sananne ne, mutane da yawa ta Meziko suke bi su nufi iyakar Amurka, saboda haka koren fasfo sai ya yi bayani. Muka nuna wasiƙar gayyata, da tikitin komawa, da takardun kwantenonin da muka aika. Kusan awa biyu muka yi a zaune kafin a buga mana hatimi. Da muka fito kuma sai numfashi ya ƙi isa. Birnin yana kan tudu ne mai tsayin mita 2,240, kwana biyu na yi da ciwon kai, matakala goma sai na tsaya na huta. Ga awa bakwai da ke tsakaninmu da gida: ina alwalar asuba, su Hajiya suna shirin azahar.

Yaya ya kama ɗaki a wani ƙaramin otal kusa da kasuwa, peso 700 kwana ɗaya. Ni kuwa mai masaukinmu ya ce ba za ta yiwu baƙuwa mace ta kwana a otal ba alhali yayarsa tana da ɗaki a rufe. Haka na samu kaina a wani gida mai hawa biyu a unguwar Iztacalco, gidan mata uku: yayar tasa wadda mijinta ya rasu, da mahaifiyarsu mai shekara saba'in da takwas, da 'yar yayar tasa da ke jami'a, wadda ita ce tafintata. Tun a bakin ƙofa tsohuwar ta kama hannuna biyu ta ce "mija", wato 'yata, kuma da wannan sunan ta kira ni har na bar ƙasar. Ni kuma na bi bakin jikarta, ina ce mata "abuela", kaka.

Maganar abinci muka fara warwarewa. Alade ya yi yawa a girkinsu, kuma ko inda ba a ga naman ba, sau da yawa da kitsensa aka soya waken. Da na yi bayani, uwar gidan ta wanke tukunya daban ta ware mini ita, kwana tara ina cin ƙwai da kifi da wake da man gyaɗa. Gurasar masararsu, tortilla, ana dafa masarar da farar ƙasa kafin a niƙa, ƙamshinta ya tuna mini masarar da aka dafa da toka. A kan teburin kuma ga tulun gilashi cike da jan ruwa. Zoɓo ne. Suna ce masa agua de jamaica, sukari kawai suke sa masa, babu citta babu kanumfari. Washegari na dafa musu irin namu, kakar ta kurɓa ta ce wannan ai magani ne.

Kasuwar da muka zo dominta, Central de Abasto a Iztapalapa, gari ce guda. An buɗe ta a 1982, faɗinta ya haura hekta 300, 'yan dako suna gudu da amalanke suna fito a ba su hanya. A layin busassun kaya na ga buhunan zoɓo an kafa musu kwali: wannan na jihar Guerrero ne, nasu na gida, ya fi tsada, wannan na Sudan, wannan na Najeriya. Na tsoma hannu a namu, na ji ƙurar Jigawa a yatsuna. Mai masaukinmu ya tankaɗe kilo ɗaya a gabanmu ya nuna abin da ya zuba, Yaya ya karɓi gyara, aka yi sabon ciniki. Wannan shi ne aikin da ya kai mu, kuma cikin kwana uku ya ƙare.

Abin da ban zo dominsa ba a daren farko ya fara. Bayan an kwashe kwanuka, wajen ƙarfe tara, sai na ga kowa ta kama wurinta ba tare da an yi magana ba. Kaka a kujerarta da bargo a gwiwa, uwar gida da kwanon wake tana tsinta, 'yar ta haɗa waya da talabijin. Na zaci wasan ƙasarsu za a kalla. Ni fa da wasan Meziko na girma. Ina ƙarama a gidan maƙwabta muke taruwa kallon wanda aka yi a 1979, na Verónica Castro, mai cewa masu kuɗi ma suna kuka, da NTA ta nuna mana. Ina budurwa kuma labarin Paloma da Diego ne ya hana mu barci. Zuwana ƙasar da ta haifi waɗannan labarai, har hoton ɗakunan ɗaukar shiri na Televisa, babban kamfanin talabijin na ƙasar, na yi niyyar ɗauka. Sai ga kiɗan fiyano ya tashi, ga bakin teku, ga yara biyu 'yan Koriya, kuma da suka buɗe baki Sifaniyanci ne ya fito.

Escalera al cielo suke ce masa, tsani zuwa sama. An yi shi a Koriya ta Kudu a 2003, kashi ashirin ne kacal. Wannan shi ne karo na huɗu da suke kallonsa, kuma saboda ni suka koma farko. Ban jin yaren, amma ban nemi tafinta ba sai jefi-jefi, domin labarin na sani tun a tatsuniya: marainiya ce, ubanta ya auro wata, matar uban ta zo da agola biyu, aka ƙwace wa yarinya ɗaki da sutura da wanda take so. Da matar uban ta ɗaga hannu ta mare ta, kaka ta buga sandarta a ƙasa ta yi wata magana da jikar ta ƙi fassara mini. Da aka nuno uban yana murmushi bai san abin da ake yi a gidansa ba, uwar gida ta girgiza kai, ni ma na girgiza. Mu huɗu, nahiya biyu, muna jin haushin mutum ɗaya daga nahiya ta uku.

A dare na uku na tambayi kaka me ya raba ta da wasannin ƙasarta. Ta ce ba ta rabu da su ba, ta gaji ne. Jikar tana juya mini: "A namu tun kashi na farko an ja ƙofar ɗaki. A nasu sai an yi kashi takwas kafin ya riƙe hannunta, kuma ranar da ya riƙe, mija, sai ki ji zuciyarki ta tsaya." Ta ce tana iya kallo da jikarta ba tare da ta nemi abin canza tasha ba. Ta ce yaransu suna sunkuyawa su gaida manya, suna karɓar kofi da hannu biyu, suna juya fuska gefe idan za su sha abu a gaban babba, kuma haka aka rene ta a ƙauyensu a Puebla, inda yaro ke sumbatar hannun kakarsa. Uwar gida kuma nata dalilin na mai aiki ne: nasu yakan wuce kashi ɗari, wata shida kana bin sa, na Koriya kashi goma sha shida ko ashirin an gama, kuma ba a ja shi don an ga yana kawo kuɗi.

Na zauna shiru, domin kalmar da kaka ke lalube muna da ita: kunya. Ita ce ta sa iyayenmu suka rungumi fina-finan Indiya shekara da shekaru, alhali na Amurka suna nan a sinima ɗaya. Soyayyar da ake ɓoyewa, auren da iyaye ke da baki a ciki, surukar da ake tsoro, talaka da ɗan masu kuɗi. Na yi ƙoƙarin fassara mata kunya, na ce ita ce ke hana mace ta ambaci sunan ɗanta na fari, ita ce ke sa ango ya kauce wa hanyar surukinsa. Kaka ta saurara har ƙarshe ta ce su ma suna da kalma kusa da ita, pudor, amma matasa sun daina faɗin ta.

Yadda abin ya shigo ƙasar uwar gida ce ta ba ni labari, domin da ita aka fara. A 2002, shekarar da Koriya da Japan suka karɓi gasar cin kofin duniya, wata tashar gwamnatin jihar Meziko, Canal 34, ta fara nuna wasannin Koriya biyu da aka juya zuwa Sifaniyanci, Todo sobre Eva da Un deseo en las estrellas. Ta hannun ofishin jakadancin Koriya suka zo. Tasha ce ƙarama, ba a yi musu wani talla ba, mata ne suka riƙa gaya wa juna a layin sayen tortilla. Daga nan aka kafa ƙungiyoyin masoya jaruman. A watan Satumba na 2005 da shugaban Koriya ta Kudu Roh Moo-hyun ya ziyarci Meziko, matan suka taru a ƙofar otal ɗinsa da kwalaye, suna roƙon ya aiko musu da Jang Dong-gun da Ahn Jae-wook. Ta ce ita ba ta je ba, tana da goyo, amma ta shiga ɗaki ta ɗauko mini wani tsohon hoton jarumin da ta yanka daga mujalla, gefensa ya yi ja saboda daɗewa, an naɗe shi a leda tare da takardar haihuwar 'yarta.

'Yar kuwa wani zamani ce daban. Ita da ƙawayenta suna kiran wasannin doramas, suna kiran kansu dorameras. Ba ta son fassarar murya. A Netflix da Viki take kallo da muryar 'yan Koriya, rubutun fassara yana bi a ƙasa. Kaka ba ta iya bin rubutu, idonta ya yi rauni, saboda haka kullum sai an ɗan ja kafin a kunna. Akwai kuma wata rigimar: fassarar da aka yi a Sifaniya ba ta shiga kunnensu, sun ce lafazin ya yi musu nauyi, sai wadda aka yi da Sifaniyancin wannan yanki, wanda Meziko ta daɗe tana kan gaba wajen yin sa. Na gane wannan sarai. Mu ma a Kano fim ɗin Indiya ko na Koriya da aka yi wa fassarar Hausa, muryar mai fassarar ce ke sayar da shi ko ta kashe shi. Ta gaya mini tana hira da 'yan Peru da Chile da Ekwado a dandalinsu na intanet, kuma 'yan Peru sun fi kowa zafi, su ma tun 2002 tashar gwamnatinsu ta fara nuna musu. Abin da ya fi ba ta dariyar farin ciki shi ne a 2017 Televisa da kanta ta ɗauki wani labarin Koriya ta sake shi da 'yan wasan Meziko, Mi marido tiene familia, kan matar da ta auri maraya don ta huta da dangin miji, sai ga dangin sun bayyana.

Ranar Juma'a Yaya ya samu jam'i a wani gida da aka mayar masallaci a unguwar Anzures. Ranar Asabar 'yar ta ce sai ta kai ni Koriyarsu. Muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, peso 5 ko ina za ka, kuma taragon gaba na mata da yara ne zalla, abin da ya kwantar mini da hankali a cikin wannan cunkoso. Muka ƙarasa a jar bas zuwa Zona Rosa. Titunan wurin sunayen biranen Turai gare su, Hamburgo, Florencia, Praga, amma allunan shaguna da rubutun Koriya suke. A wani kanti na tsaya ina kallon 'yan mata 'yan Meziko suna cika kwando da taliyar leda mai yaji da man shafawa, suna faɗin sunayen kayan da lafazin Koriya. Ɗaya ta ce ta ga jaruma tana cin wannan taliyar a murfin tukunya, tun daga ranar take sha'awarta. Ban ci komai a gidajen abincin ba saboda alade, shayin sha'ir na sha, peso 30. A dandalin da ke kusa matasa sun jera wayoyi a ƙasa suna koyon rawar mawaƙan Koriya, suna duba kansu a gilashin wani bene.

Daga nan muka wuce Polanco, inda cibiyar al'adun Koriya take tun 2012. A can take koyon yaren, shekara biyu ke nan. Na gaya mata Abuja ma akwai irinta tun 2010, ta yi mamaki. A dajin shaƙatawa na Chapultepec kuma ta nuna mini wata rumfa mai kusurwa takwas, ja da kore, kyautar Koriya ce a 1968, shekarar wasannin Olamfik na Meziko. A nan muka zauna ta ba ni labarin da ya fi taɓa ni a tafiyar. A 1905 'yan Koriya sama da dubu suka hau jirgin ruwa zuwa Meziko kan kwangilar shekara huɗu, aka rarraba su gonakin Yucatán suna yankan wani tsiro mai ƙaya da ake igiya da shi. Kafin su tara kuɗin komawa Japan ta haɗiye ƙasarsu a 1910, suka zauna, suka auri 'yan ƙasa, yaren ya ɓace a bakin jikoki. Wata ƙawarta a aji daga zuriyarsu take. Ta taso ba ta san komai ba sai sunan kakan kakanta da ya lanƙwashe ya zama na Sifaniyanci, kuma wasan talabijin ne ya sa ta fara tambayar tsofaffin gidansu.

Mazan gidan nasu ra'ayin daban. Mai masaukinmu ya ce shi bai ga abin kallo a maza masu shafa hoda ba, Koriya ɗaya ya sani, wadda ta ci Jamus 2 da nema a gasar cin kofin duniya ta 2018 ta tsallakar da Meziko zagaye na gaba a ranar da Suwidin ta lallasa su, har jama'a suka yi tururuwa ofishin jakadancin Koriya suka ɗaga wani jami'insu a kafaɗa. Ni damuwata wata ce. Duk jaruman farare ne sol, sirara, fuska kamar an goge da auduga, kuma 'yar gidan, mai fata kalar ƙasa irin ta kakanninta, na ga mayukan da ta jera a gaban madubi. Na san wannan ciwon, muna da shi a kasuwar Sabon Gari da ta Kwari. Na gaya mata haka a daren, ba tare da kwana-kwana ba. Ta yi shiru ta ce talabijin ɗin ƙasarsu ma tun tana yarinya farare yake nunawa, masu kamarta 'yan aiki ne a cikin labarin. Ban sami abin ce mata ba. Giyar da ake kwankwaɗa kusan kowane kashi ma ba kunya ba ce, kuma na faɗa wa kaka. Ta ce ita idan an zo wurin takan tashi ta ɗora ruwan shayi.

Duk da haka, a kwanakin nan wani abu ya tsaya mini a rai. Gwamnatin wata ƙasa ta ɗauki labaran mutanenta, ta sa aka juya su zuwa yaren wasu, ta miƙa wa ƙaramar tasha, ta jira. Bayan shekara ashirin jikokin waɗancan matan suna layin koyon yarenta. Labarin marainiya da matar uba kuwa namu ne tun kafin a ƙera talabijin, kuma marubutanmu mata sun cika kasuwa da littattafan da suka fi wannan zafi. Na nuna wa kaka wani shirin Hausa mai dogon zango a wayata, wurin da amarya ke durƙusawa gaban uwar mijinta. Ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da idonta, ta kalli minti biyar cur, sannan ta tambayi jikarta ko akwai shi da Sifaniyanci. Muka duba tare, ba mu samu ba.

Daren ƙarshe muka kai kashi na ashirin, sai da muka haɗa uku uku a wasu dararen kafin mu cim masa. Jarumar ta makance, ɗan matar uban da ke son ta ya ba da ransa don a dasa mata idonsa, ciwon da ya makantar da ita bai bar ta ba, ta cika a bakin tekun da aka fara labarin. Kaka ta san kowace kalma, leɓenta yana motsi tare da na 'yan wasan, amma hawayen sabo ne. Ta miƙo mini gefen bargonta na goge nawa.

Da safe ta cusa mini ƙullin busasshen barkono da kirfa a jaka, ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a irin tata, ni ma na yi mata tawa. Komawa ta fi zuwa tsawo, domin jirgin ya ya da zango a Cancún kafin ya tsallaka teku. Muka sauka Abuja da dare, muka kwana, muka kamo hanyar Kano da sassafe. Na shiga gida bayan la'asar na tarar da ƙannena biyu a tsakar gida sun haɗa kai kan waya ɗaya, wani sarkin Koriya mai doguwar hula yana faɗa da fadawansa da Hausar Kano, Hajiya tana gefe tana tsintar shinkafa tana tambayar ko an gano wanda ya sa wa sarauniya guba. Kafin na kwance jaka saƙon murya ya shigo daga Iztacalco. Jikar ce, ta ce kaka tana tambaya ko mun isa lafiya, kuma citta nawa ake sa wa tulu ɗaya na zoɓo.